Wayoyi Uku a Falon Baba Sidiku

Ni ne Mutaru, mai gyara a Zongo Lane,
hannuna ƙaurin darma yake yi ko ranar Juma'a.
Baba Sidiku ya aiko jikarsa da sassafe,
wai in zo Nima, kiɗansa ya yi mura.

Shekara talatin ya yi a tashar jiragen ruwa ta Tema.
Abin da ya rage masa: falo ɗaya, faifai ɗari biyu,
amfilifaya mai nauyin tunkiya,
da sifiku biyu a tsaye kamar masu gadin banki.

Ya ɗora faifan goge. Na kasa kunne.
Gogen na kuka, amma daga cikin tulu,
ƙwarya kuwa sai ka ce a gidan maƙwabta ake kaɗa ta.

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin kujera.
"Ɗana na Jamus ya aiko da wannan.
Azurfa ce zalla, bakinta zinariya,
ta fi hayar shagonka ta wata shida."
Na ce to. Ni ma na zo da tawa,
jan ƙarfe, kamu biyu, sidi arba'in,
jiya da dare na liƙe kanta da hannuna.
Ta uku tsohuwar da ke jikin injin ce,
baƙa, siririya, ta bushe kamar kilishi.

Muka rufe bayan injin da zanen marigayiya Hajiya.
Ya juya mana ƙeya, ya rintse ido.
Memuna jikarsa ta riƙe fensir da takarda.

Azurfa ta shiga.
Saman murya ya fito tas, har da kaifi,
kamar wuƙar mai tsire a kan dutse,
kana jin tsarkiya tana ja, gashi bayan gashi.
Ya ce, "Wannan yarinya ce, bakinta da sauri."

Jan ƙarfe ya shiga.
Ƙwarya ta zauna da gindinta,
mai waƙar ya matso kusa kamar zai roƙi ruwan sha.
Ya ce, "Wannan ta ci, ta ƙoshi."

Na cire, na mayar, har sau bakwai.
Sau huɗu ya faɗi daidai, sau biyu ya kauce.
Sau ɗaya ban taɓa komai ba, tari kawai na yi,
ya buga cinya: "Ka ji! Azurfa ta dawo!"
Memuna ta cusa dariyarta cikin mayafi.

Sai na ɗauko tsohuwar, na duba bakinta.
Kore shar.
Iskar teku ce, ba ta san Nima da nisa ba,
kullum dare sai ta zo ta lasa da gishirinta.
Na nemi lemon tsami da toka,
na murje, na goge da bakin rigata,
na soka ta a raminta ban ce komai ba.

Bai ce yarinya ba, bai ce ƙoshi ba.
Ya daɗe.
"Haka yake ranar da na kawo shi gida.
Tana dakan fufu a tsakar gida,
tana kirana in rage, za ta ji kiran la'asar."

Mita tana aljihuna.
Na auna ukun, allurar da ƙyar ta motsa.
Ban gaya masa ba. Me zan ce?
Kunnena ya ji wani abu, ko ya ce ya ji.

Ya nannaɗe azurfar, ya mayar kwali.
"Kada yaron ya sani. In ya kira, ku ce tana aiki."
Tawa ya saya, bai taya ba, ya rataye a ƙusa.

Faifan bai kai rabi ba aka ɗauke wuta.
Allura ta ja ƙafa, ta tsaya.
Na miƙe zan tattara kayana,
ya ɗaga hannu, idonsa a rufe:
"Zauna. Bai ƙare ba."